Gasasshiyar tsokar alade: abin da ke cikinta, da abin da wanda ba ya ci yake buƙatar sani

"Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya. A darasinmu na abinci mai gina jiki, kusan duk littafin da na buɗe sai na tarar an kawo gasasshen naman alade marar kitse a matsayin misalin nama mai amfani, musamman idan ana maganar bitamin B1. Ni Musulma ce, ban taɓa ci ba kuma ba zan ci ba, amma ina son sanin gaskiyar abin da ke cikinsa. Shin akwai wani sinadari da muke rasawa saboda ba ma cinsa? Kuma idan marar lafiya mai cinsa ya tambaye ni, me zan ce masa?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tambayarki ta ƙunshi abubuwa uku: abin da ke cikin naman, ko barinsa yana jawo wa jiki wani giɓi, da kuma shawarar da ta dace ga wanda yake ci. Kafin in shiga bayani, zan faɗa miki a taƙaice cewa tsokar alade nama ce mai furotin da yawa, ta fi naman sa da na akuya bitamin B1 nesa ba kusa ba, amma ta gaza su a sinadarin ƙarfe da zinki da bitamin B12, kuma babu wani abu a cikinta da ba a samunsa a abincin da muka saba ci. Hukuncin cinta ga Musulmi a bayyane yake a aya ta 173 ta Suratul Baƙara da aya ta 3 ta Suratul Ma'ida, kuma wannan hukunci bai rataya a kan alƙaluman ɗakin gwaji ba. Saboda haka babu abin da zai hana ma'aikaciyar jinya Musulma ta san waɗannan alƙaluma yadda suke, ba ƙari ba ragi.

Dalilin da ya sa littattafanku suke yawan kawo shi ba ɓoyayye ba ne. Yawancinsu an rubuta su ne a Amurka ko Ingila, kuma sau da yawa alƙalumansu daga ma'ajiyar bayanan abinci ta Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka aka ɗauko su. A can naman alade abincin yau da kullum ne, kamar yadda yake a Sin da Jamus da Sifaniya, don haka da shi marubuci zai fara misali.

Abin da ke cikin giram 100

Idan littafi ya ce "marar kitse", yana nufin tsoka zalla bayan mahauci ya yanke duk kitsen da ido ke gani da fata. Mafi ƙarancin kitse a jikin dabbar ita ce siririyar tsokar nan da ke kwance ta cikin gadon baya, kusa da ƙoda. Giram 100 na wannan tsoka bayan an gasa, wato yanki kamar tafin hannun babba ba tare da yatsu ba, yana ɗauke da kalori wajen 143, furotin giram 26, da kitse giram 3.5 kacal. Wannan bai fi kitsen da ke ƙirjin kaza da aka cire wa fata ba. Babbar tsokar gadon baya kuwa, ko da an gyare ta, kitsenta yana kai giram 9 zuwa 10, kalorinta kuma ya ɗan haura 200. Naman ƙasan ciki, wanda kitse ya ratsa shi layi-layi, ya wuce kalori 500 tun yana ɗanye, domin fiye da rabin nauyinsa kitse ne. Dabba ɗaya ce, amma tsakanin wannan yanki da wancan akwai bambancin kalori fiye da ninki uku, kuma wannan shi ne abin da ya kamata ki fara riƙewa: idan wani ya ce miki naman alade yana da kitse ko ba shi da shi, ki tambaye shi wane ɓangare yake nufi.

Furotin ɗinsa cikakke ne, yana da dukan amino asid tara da jiki ba ya iya haɗawa da kansa, kamar dai kowane nama da ƙwai da kifi. Babban mutum mai nauyin kilo 60 yana buƙatar furotin wajen giram 50 a rana, don haka wannan yanki ya biya rabin buƙatarsa. Ba shi da sitaci, ba shi da harza irin ta ganye da dusar hatsi, ba shi da bitamin C, kalsiyom ɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Kolestarol ɗinsa yana tsakanin miligiram 70 da 80, kusan daidai da na sa da na kaza. Yana da niyasin da bitamin B6 da fosfaras da fotasiyom gwargwado, yana kuma da seleniyom da zai biya fiye da rabin buƙatar yini.

Ki lura cewa waɗannan alƙaluma na gasasshen nama ne. Gashi yana fitar da ruwa, nama yakan rasa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, saboda haka furotin da ke giram 21 a ɗanye sai ya zama 26 a gasasshe. Wuta ba ta ƙara masa komai ba, ruwa ne ya ragu. Ɗalibai da yawa sukan kwatanta ɗanyen naman wata dabba da gasasshen wata, su fito da sakamakon da ba shi da tushe.

Inda ya yi fice, da inda ya gaza

Bitamin B1, wanda ake kira tayamin, shi ne abin da ya bambanta naman alade da sauran nama. Giram 100 na gasasshiyar tsoka yana ba da kusan miligiram 1, alhali buƙatar namiji a rana miligiram 1.2 ce, ta mace 1.1, ta mai ciki 1.4. Naman sa da na akuya da na kaza kuwa ba su cika kai miligiram 0.1 ba. Bambancin ya kai ninki goma, kuma littafinki bai yi ƙarya ba da ya faɗi haka.

Aikin tayamin shi ne taimaka wa jiki ya sarrafa sitaci da suga su zama ƙarfi, kuma jijiyoyi da ƙwaƙwalwa da tsokar zuciya su ne suka fi dogara da shi. Jiki ba ya ajiye shi da yawa, abin da ke ciki bai wuce miligiram 30 ba, shi ya sa idan aka daina samunsa, cikin makonni biyu zuwa uku ajiyar takan ƙare. Rashinsa shi ke kawo cutar beriberi, wadda takan zo da mutuwar ƙafafu da jin kamar ana tsira allura a tafin ƙafa, ko kuma ta zo da kumburi da gazawar zuciya. Tarihin cutar yana da amfani ga tambayarki, domin ba rashin nama ne ya fito da ita fili ba. A tsibirin Jaba na Indunusiya, a shekarun 1890, likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kiristiyan Aikman, ya lura cewa kajin da ake ba farar shinkafa da aka goge suna kamuwa da shanyewar ƙafa, idan kuma aka mayar musu da shinkafar da ba a cire mata dusa ba sai su warke. Wannan bincike ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1929. Matsalar tun asali ta cire dusar hatsi ce, kuma a nan ne maganar ta shafe mu.

A ɓangaren ƙarfe kuwa lamarin ya juya. Tsokar alade tana da miligiram 1 ko ɗan sama da haka a giram 100, ta sa tana da 2.5 zuwa 3, ta akuya kuma ta kai 3.7. Zinkin alade wajen miligiram 2.5 ne, na sa da na akuya sun ninka haka. Bitamin B12 ɗinsa bai kai maikirogiram 1 ba, na sa ya wuce 2. A asibitocinmu, inda ƙarancin jini ga masu ciki da ƙananan yara yake cikin abubuwan da za ki fi gani a kowace ranar awo, wannan bambanci ya fi na tayamin nauyi a wurina. Mai ciki tana buƙatar ƙarfe miligiram 27 a rana. Idan tana da kuɗin sayen nama kaɗan ne, ko da addininta ya halatta mata alade, naman akuya ko na sa zan ce ta saya.

Shin wanda ba ya ci yana rasa wani abu?

Ba ya rasa komai, muddin abincinsa bai taƙaita ga farar shinkafa da garin rogo da fulawa da suga ba. Busasshen wake yana da tayamin wajen miligiram 0.8 a giram 100, ko da yake idan ya dahu ya sha ruwa sai ya koma wajen 0.2, don haka cikakken kwanon wake yana ba da kusan rabin buƙatar yini. Riɗi da waken suya suna kusa da busasshen wake, ɗanyar gyaɗa tana da wajen 0.6, gero da dawa da ba a surfe ba suna da 0.3 zuwa 0.4. Wannan adadi na hatsi yana iya zama kamar kaɗan, amma hatsi ba a cinsa yanki ɗaya kamar nama: manomin da ya sha kunu ko koko da safe, ya sha fura da rana, ya ci tuwon dawa da dare ya ci giram ɗaruruwa. Ta wannan hanya ce al'ummomin da ba su taɓa cin alade ba suke samun tayamin ɗinsu tun kaka da kakanni.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke zubar da tayamin ɗin da ke hannunmu. Yawancinsa yana cikin dusa da ƙwayar tsiron hatsi, saboda haka surfe mai tsanani, wanda ake yi don tuwo ya fito fari tas, yana aika shi kwandon dabbobi. Yana narkewa a ruwa, don haka wanke shinkafa sau da yawa ana murzawa, da tafasa ta a zubar da ruwan farko, duk asara ce. Shinkafar da aka turara kafin a sheƙe ta fi riƙe shi, domin turarin yana tura bitamin ɗin daga dusa zuwa cikin ƙwayar. Sai kuma kanwa. Tayamin ba ya jure duk wani abu mai kaifin kanwa idan an haɗa da zafi, kuma uwargida da ta jefa ƙatuwar kanwa a tukunyar wake don ya yi saurin nuna ta lalata wani kaso na abin da muke nema a cikinsa. Na san itace da gawayi da gas duk sun yi tsada, ba kuma zan ce wa mace ta ƙona kuɗinta a banza ba. Abin da nake ba da shawara shi ne a jiƙa wake tun dare, a rage kanwar iyakar iyawa.

A aikin jinya, waɗanda za ki sa wa ido kan ƙarancin tayamin ba masu ƙin alade ba ne. Su ne mai yawan shan barasa, da mai ciki da amai ya hana ta riƙe abinci na makonni, da wanda ya daɗe yana shan maganin sa fitsari saboda ciwon zuciya, da wanda yunwa ta daɗe tana ci aka fara ba shi abinci. Irin waɗannan, idan aka ɗaura musu ruwan suga ba tare da tayamin ba, ana iya tayar musu da lalurar ƙwaƙwalwa mai haɗari da ake kira Wanike, mai zuwa da ruɗewa da tangaɗi da karkacewar motsin ido. Wannan ilimin zai fi yi miki amfani a ɗakin marasa lafiya fiye da sanin adadin da ke cikin kowane nama.

Idan mai ci ya tambaye ki

Za ki haɗu da su, domin a kudancin Kaduna da Filato da Binuwai da sassan Adamawa da Taraba akwai jama'a da yawa da ke kiwon alade suna ci, da yawansu kuma da Hausa za su yi miki magana. Kasuwar aladu ta Katsit da ke gefen Kafanchan tana cikin manyan irinta a Najeriya, daga nan ake lodin dabbobi zuwa kudu. A aikina na lura cewa mai ciwon suga ko hawan jini, idan ya ga ma'aikaciya da hijabi, sau da yawa cewa kawai yake yi yana cin "nama", ya yi shiru. Idan ba ki tambaya cikin sakin fuska ba, ba zai faɗa ba, shawararki kuma za ta tafi a iska. Nakan tambaya kai tsaye: wane nama, wane ɓangare, da fata ko babu, sau nawa a mako, kuma da me ake haɗawa. Tambaya ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin a wurare da dama ana sayar da gasasshen alade ne a inda ake shan burukutu ko giyar kwalba, barasa kuma tana hana hanji tsotsar tayamin ɗin da ake yabon naman da shi.

Abu na farko da zan gaya wa irin wannan mutum shi ne cewa abin da ke kan wayar mai gashi ba shi ne abin da ke cikin littafi ba. Mai gashi yakan yanka tsoka haɗe da kitse da fata, domin su ne masu saye suke so, sannan a barbaɗa gishiri da dunƙulen ɗanɗano. Ɗanyar tsoka sodiyom ɗinta, wato sinadarin da ke cikin gishiri, bai wuce miligiram 60 a giram 100 ba, amma sosej da naman da aka jiƙa a gishiri aka yi wa hayaƙi sukan kai 1,000 ko su wuce, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai 2,000 a yini. Kitsen alade kuma wajen kashi 40 cikin ɗari nasa mai daskarewa ne, irin wanda ke ɗaga mugun kolestarol. Ya ɗan gaza na sa, wanda yake wajen rabi, amma bambancin bai isa a kira shi kitse mai lafiya ba.

Abu na biyu, jan nama ne, ko da ya yi fari bayan ya gasu. A 1987 masu kiwon alade a Amurka suka fara wani talla da ke jera shi da kaza a matsayin farin nama, kuma wannan tunani ya bazu, amma a lissafin masana lafiya yana rukuni ɗaya da na sa da na rago da na akuya. A 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya sarrafaffen nama, irin su sosej, cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar hanji, jan nama kuma cikin waɗanda ake kyautata zaton suna jawowa. Shawarar da aka fi bi ita ce kada dafaffen jan nama ya wuce giram 350 zuwa 500 a mako. Wannan ya hau kan mai cin alade kamar yadda ya hau kan mai cin tsire da balangu, haka ma gargaɗin guje wa ɓangaren da ya ƙone ya yi baƙi, inda kitse ya ɗiga a garwashi hayaƙinsa ya koma jikin naman.

Abu na uku shi ne wanda na fi dagewa a kai, wato nunar naman. A 2011 hukumomin Amurka sun rage zafin da suke buƙata a tsakiyar yankan alade zuwa digiri 63 na Salshiyos tare da barinsa ya huta minti uku, niƙaƙƙe kuma digiri 71, shi ya sa za ki ga wasu littattafai suna cewa ba laifi idan cikinsa ya ɗan yi ja-ja. Wannan ƙa'ida an gina ta ne a kan aladun da ake kiwo a killace, ana duba namansu a mayanka. Aladen da ke yawo a gari yana cin abin da ya samu, har da bayan gidan mutane, lamarinsa daban ne. Shi ne ke ɗaukar ƙwayayen tsilar alade, waɗanda ake gani a cikin tsoka ko a ƙarƙashin harshe farare kamar ƙwayar shinkafa. Naman da aka ga haka a jikinsa ba na ci ba ne, sauran kuma a gasa shi ko a dafa har tsakiyarsa ta nuna sarai, babu ja babu ruwan jini. Gashin gefen titi, inda wuta ke ƙona baya ta bar ciki, shi ne ya fi haɗari. Nunar da ta kai tana kuma kashe tsutsar tirikinela da ƙwayar cutar hanta nau'in E, wadda ake samu musamman a hantar alade.

Akwai wani ɓangare na wannan magana da ya shafi har wanda bai taɓa kusantar naman ba, kuma ina so ki fahimce shi da kyau. Cin naman da bai nuna ba yana sa wa mutum tsila a hanji. Amma cutar da ta fi muni, wadda tsutsar ke zama a ƙwaƙwalwa ta jawo farfaɗiya, ba daga naman take zuwa ba, daga haɗiye ƙwan tsilar ne da ke fita a bayan gidan mai ɗauke da ita, ta hanyar hannu marar tsabta ko ruwa ko ganyen da ba a wanke ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a yankunan da cutar ta yi katutu, ita ce sanadin wajen kashi 30 cikin ɗari na farfaɗiya. A 1992 an ba da rahoton samunta a cikin wasu iyalan Yahudawa masu tsananin riƙo da addini a birnin New York na Amurka, mutanen da ba sa cin alade ko kaɗan, kuma binciken ya nuna alamar cewa daga masu yi musu aikin gida ta fito. Don haka idan babban mutum ya fara farfaɗiya ba tare da tarihinta ba, kasancewarsa Musulmi bai isa a cire wannan zato ba. Masai da wanke hannu da sabulu su ne kariyar kowa a nan. Naman sa ma yana da tasa tsilar, wadda ake kamuwa da ita daga tsiren da bai gasu ba, sai dai ita ba ta zuwa ƙwaƙwalwar mutum.

Zan ƙara da wata shawara da ta shafi mutuncin aikinki. Akwai maganganu da ke yawo a waya, cewa wai alade ba ya gumi don haka guba ta taru a namansa, ko wai wuta ba ta kashe tsutsarsa komai daɗewa. Waɗannan ba su da tushe a ilimin lafiya, domin hanta da ƙoda ne ke tace guba a jikin dabba ba gumi ba, kuma zafin da ya kai yana kashe tsutsar. Kada ki maimaita su ga marar lafiya. Wanda ya girma yana cin naman nan ya san lafiyarsa ƙalau, kuma ranar da ya kama ki da magana marar tushe, ba zai ƙara yarda da ke ba ko da kin gaya masa gaskiya game da gishiri ko maganin hawan jininsa.

Alƙaluman da na kawo matsakaita ne, kuma na aladun gonakin Amurka ne. Alade ciki ɗaya gare shi, ba ya tuƙa kamar saniya, saboda haka abin da ya ci yana bayyana a yawan kitsensa da irinsa, kuma wanda aka kiwata da dusar burukutu da ragowar abinci ba zai zo daidai da na littafi ba. Idan kina son alƙaluman da suka fi kusa da abincinmu, ki nemi jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sabunta a 2019. Mai ciwon ƙoda kuwa, wanda ake ƙayyade wa furotin da fosfaras da fotasiyom, adadin naman da zai ci, kowane iri ne, sai an duba sakamakon gwajin jininsa tare da likitan da ke kula da shi.